Me ya sa lissafin haɗuwar ƙwayoyin amino yake saɓawa daga manhaja zuwa manhaja?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a fannin kimiyyar sinadaran jiki a nan Sakkwato, kuma bincikena a kan himogulobin na masu sikila ne. Na ƙirga wuraren da ƙwayoyin amino suke taɓa juna a sarƙar beta da ChimeraX, na sake ƙirgawa da wani ɗan shiri na Python da abokiyar karatuna ta ba ni, sai lissafin ya ƙi zama ɗaya, na biyun ya ninka na farkon har ya zarce. Sannan littafi ya ce Val6 tana shiga tsakanin Phe85 da Leu88, amma da na auna a sarƙar sai na ga suna nesa da juna. Wanne ne daidai, kuma a ina na yi kuskure? Allah ya ƙara wa Malam lafiya."

Wa alaikumus salam, ɗiyata, Allah ya yi wa karatu albarka. Tambayarki biyu ce a haɗe. Ta farko ita ce dalilin da ya sa manhaja biyu suka dubi furotin ɗaya suka ba da lamba biyu, ta biyu kuma ita ce inda haɗuwar nan ta Val6, wato ƙwayar balin da ke matsayi na 6 a jerin sarƙar beta, ta shiga da kika neme ta kika rasa. Duka biyun tushensu ɗaya: fayil ɗin da kika sauko da shi bai ƙunshi wani abu mai suna haɗuwa ba. Abin da ke cikinsa shi ne matsayin kowane atam da lambobi uku, sai sunansa da sunan ƙwayar da yake ciki. Haɗuwa hukunci ne da mai bincike yake yankewa a kan waɗannan lambobin bisa ƙa'idar da ya zaɓa, kuma idan bai zaɓa da kansa ba, manhajar za ta zaɓar masa ba tare da ta sanar da shi ba.

Abin da ake aunawa

Furotin sarƙa ce ta amino asid, kamar carbi, kuma kowace ƙwaya a cikinta tana da sashen da ya shiga ƙashin bayan sarƙar da kuma reshen da ya bambanta ta da sauran. Idan sarƙar ta naɗe, ƙwayoyin da suke nesa da juna a jeri sai su zo su zauna kafaɗa da kafaɗa, kuma wannan zaman ne yake riƙe siffar furotin. Tun da John Kendrew ya fitar da siffar mayogulobin a 1958, Max Perutz ya biyo baya da ta himogulobin, dukansu a Kambirij ta Ingila, ake tara irin waɗannan lambobin. Taskar PDB, inda ake ajiye fayilolin siffofin furotin, ta fara a 1971 da siffofi 7 kacal, yau kuma ta haura 200,000. Ma'aunin da ake aiki da shi angistirom ne, wato kashi ɗaya cikin biliyan goma na mita, kuma yana da kyau ki haddace 'yan tazarori kaɗan domin idonki ya saba. Tsakanin kabon alfa na ƙwaya ɗaya, wato kabon ƙashin baya da reshe yake fitowa daga jikinsa, da na mai bi mata akwai angistirom 3.8. Ɗaurin haidirojin yakan faɗo tsakanin 2.7 da 3.5 idan an auna daga atam mai bayarwa zuwa mai karɓa. Atam biyu na salfa da suka ƙulle tsakanin sistin biyu suna kan 2.05. Kabon biyu da suka jingina da juna ba tare da ɗauri ba sukan tsaya tsakanin 3.5 da 4, domin kowanne yana da kewayen da ya kai kimanin 1.7 daga tsakiyarsa.

Ƙa'idojin da aka fi amfani da su uku ne. Akwai masu auna tazarar da ke tsakanin kabon alfa biyu, ko kabon beta biyu, wato kabon farko na reshe, su ce duk abin da bai kai angistirom 8 ba haɗuwa ce. Wannan ita ce ƙa'idar gasar CASP ta hasashen siffar furotin, wadda aka fara a 1994: kabon beta, ƙasa da 8, a koma ga kabon alfa idan ƙwayar gilaisin ce tunda ba ta da na beta. Akwai masu duba dukan atam ban da haidirojin, su ce ƙwaya biyu sun haɗu idan wani atam na wannan ya kusanci wani na waccan da 4, ko 4.5, ko 5. Akwai kuma masu duba kewayen kowane atam su ga ko ya taɓa na ɗan'uwansa, kuma nan ne ChimeraX ta faɗo, domin umarninta na neman haɗuwa, idan ba ki canza masa komai ba, yana karɓar atam biyu ne matuƙar giɓin da ke tsakanin kewayensu bai wuce angistirom 0.4 ba. Wannan ƙa'ida ce mai tsauri. Shirye-shiryen Python da ɗalibai suke miƙa wa juna kuwa, yawancin waɗanda na buɗe na karanta, ko dai kabon alfa ne a kan 8 ko dukan atam a kan 5. Wanda ya auna gero da tiya da wanda ya auna da ƙaramin kwano ba za su faɗi lamba ɗaya ba, alhali buhun ɗaya ne a gabansu.

Kowace ƙa'ida da tambayar da take amsawa. Ta kabon beta a kan 8 tana ba da labarin yadda sarƙar ta naɗe gaba ɗaya, ba ta damu da inda reshe ya karkata ba, shi ya sa masu hasashe suke son ta. Amma ba ta san girman ƙwaya ba. Laisin da gulutamet suna da dogayen rassa, sai ki tarar kabon alfansu suna nesa da juna da angistirom 10 ko fiye, alhali kawunan rassan sun riƙe juna da gadar gishiri, wato jan da ke tsakanin caji biyu masu saɓani. Haka kuma ƙwaya biyu za su iya faɗowa ƙasa da 8 alhali kowacce ta juya wa 'yar'uwarta baya. A aikinki, da yake reshe ɗaya ne ya canza kuma shi ne tushen cutar, ƙa'idar dukan atam ban da haidirojin ce ta dace, kuma ni 4.5 nake sa ɗalibaina su fara da ita.

Inda lissafin yake rabuwa

Ko da an daidaita tazarar, lambobin za su iya ci gaba da saɓawa, kuma a nan nake zaton mafi yawan ninkin da kika gani ya fito. Abu na farko da za ki duba shi ne ko shirin yana ƙirga kowace haɗuwa sau biyu. Idan an rubuta shi ya zagaya dukan ƙwayoyi, kowacce kuma ya sake zagaya dukan sauran, to zai ƙirga ta 10 da ta 50, ya dawo ya ƙirga ta 50 da ta 10, wani ma ya ƙirga kowace ƙwaya da kanta. Sarƙar beta tana da ƙwayoyi 146, saboda haka adadin bibbiyun da za a iya gwadawa 10,585 ne. Ki sa shirin ya faɗa miki sau nawa ya gwada, idan ya haura 21,000 kin kama ɓarawon. Abu na biyu shi ne ko ana ƙirga atam ne ko ƙwaya, domin ChimeraX tana jero haɗuwar atam da atam, kuma tiriftofan ɗaya da ta kwanta a kan fenilalanin za ta iya cika layuka da yawa alhali a lissafin ƙwayoyi haɗuwa ɗaya ce. Abu na uku maƙwabtan jeri ne. Ƙwaya ta 20 dole ta kusanci ta 21 tunda a ɗaure suke, wannan ba labari ba ne. A murɗen alfa kuwa, inda ƙwayoyi 3.6 suke cika zagaye ɗaya, kowace ƙwaya tana kusa da ta uku da ta huɗu a gabanta, kuma himogulobin kusan duka murɗe ne, takwas a sarƙar beta daga A zuwa H. Idan ba ki cire waɗannan ba za su mamaye lissafin su binne abin da kike nema. A CASP ba a fara ƙirgawa sai ratar jeri ta kai 6, kuma abin da ya kai 24 zuwa sama shi ake kira haɗuwa mai nisan zango. Sauran ƙananan abubuwa su ne ruwa, da him mai riƙe ƙarfe, da ƙwayoyin da aka rubuta musu matsayi biyu a fayil, da haidirojin idan wata manhajar ta ƙara shi.

Shekarun baya wani ɗalibina ya zo ofis da rana tsaka a watan Afrilu, babu wuta, kwamfutarsa na kan kashi goma sha wani abu na caji, yana neman in zaɓar masa lambar da zai sa a babi na huɗu. Ban zaɓa ba. Na sa ya ɗauki ƙwaya ɗaya tak, ya jero maƙwabtanta daga kowace manhaja a takarda, gefe da gefe, muka bi su layi layi da biro. Kafin kwamfutar ta mutu mun gano cewa ɗaya jerin ya haɗa da ƙwayoyin ruwa da kuma maƙwabtan jeri. Wannan ita ce hanyar da nake ba ki: kada ki kwatanta jimilla da jimilla, ki kwatanta jerin ƙwaya ɗaya, bambancin zai fito da kansa cikin minti goma.

Idan kin daidaita wannan, ki zana taswirar haɗuwa. Jadawali ne irin na tazarar garuruwa da ake bugawa a gefen taswirar hanya, inda Sakkwato da Gusau da Birnin Kebbi suke jere a sama da gefe, sai dai a nan ƙwayoyi ne, kuma ana sa ɗigo a duk gidan da aka sami haɗuwa. Murɗe yana fitowa kamar kauri a jikin layin tsakiya, ɗigogin da suka yi nesa da layin kuma su ne inda murɗe ya jingina da murɗe. Ki lura cewa sunan sarƙar beta ba shi da alaƙa da shimfiɗar beta, wata naɗewar sarƙa daban da murɗe, wadda himogulobin ba shi da ita ko ɗaya.

Inda Val6 ta shiga

Awonki daidai ne, littafin ma daidai ne. A cikin sarƙa ɗaya Val6 tana kan murɗen A, a bayan furotin, tana fuskantar waje, kuma ba ta taɓa Phe85 da Leu88, wato fenilalanin ta 85 da liyusin ta 88, na sarƙarta. Aljihun da take shiga na wata sarƙar beta ce, wadda take cikin wani himogulobin daban. Himogulobin ɗaya sarƙoƙi huɗu ne, alfa biyu masu ƙwayoyi 141 da beta biyu masu 146. A jinin AA matsayi na 6 gulutamet ce, mai caji, mai son ruwa, kuma ba ta da abin yi a aljihu mai maiƙo. A na SS ta koma balin, ƙarama mai gudun ruwa, kamar yadda Vernon Ingram ya nuna a 1956 da 1957, bayan Linus Pauling da abokan aikinsa sun tabbatar a 1949 cewa matsalar a jikin furotin take. Idan himogulobin ya sauke iskar oksijin, siffarsa takan daidaita yadda balin ɗin wannan zai zauna a aljihun wancan, na gaba ma haka, har su zama igiya biyu a tufke, bakwai irinsu su haɗu su ba da zare mai igiya 14. Wannan zaren ne yake sandarar da ƙwayar jini ya lanƙwasa ta kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, yaro ya kwana yana kukan ciwon ƙashi.

To me ya sa ba ki gan ta ba? Akwai hanyoyi uku da hakan yake faruwa. Wataƙila kin ɗauki siffar himogulobin na lafiya, kamar fayil mai lamba 4HHB a PDB, kin canza gulutamet zuwa balin a manhaja. Wannan himogulobin ɗaya ne tak, ba shi da maƙwabcin da zai karɓi balin ɗin. Wataƙila kuma hasashen AlphaFold, manhajar da ke ƙiyasta siffar furotin daga jerin ƙwayoyinsa, kika sauko da shi, wanda sarƙa ɗaya ce tilo. Ko kuma kin ɗauki fayil ɗin da ya dace amma kin tsare awon a cikin sarƙa ɗaya. Fayil ɗin da nake ba da shawara shi ne 2HBS, siffar himogulobin S marar oksijin da aka fitar a 1997 da kaifin angistirom 2.05, wato ƙanƙantar abin da hoton yake iya rarrabewa, wanda ya ƙunshi himogulobin biyu, sarƙoƙi takwas daga A zuwa H. Ki buɗe shi gaba ɗaya, sannan ki sa manhajar ta gina maƙwabtansa na cikin kiristal. A manhajar PyMOL umarnin symexp ne yake yin haka. Daga nan ki zaɓi kowace Val6 ta sarƙar beta ki nemi duk abin da ke cikin angistirom 4.5 daga gare ta a wata sarƙa daban. Za ki ga Phe85 da Leu88 sun fito, da Ala70 a gefensu. Za ki kuma ga wani abin da ɗalibai sukan yi mamakinsa, wato a kowane himogulobin balin ɗaya ce daga cikin biyun take shiga aljihu, ɗayar tana nan a sake.

Akwai darasi a nan da ya wuce sikila. Domin a ɗauki siffar furotin da hasken eksire, dole a sa shi ya jeru cikin kiristal, kuma a wannan jeruwar kowane furotin yana manne da maƙwabta ta ɓangarori da dama, kamar fasinjojin da aka cusa a motar Illela ranar kasuwa, kafaɗa na gugar kafaɗa ba don akwai dangantaka ba. Ƙa'idar da muke koya wa ɗalibai ita ce su yi zargin irin wannan haɗuwar, su bambanta ta da mahaɗar gaskiya da ke aiki a jiki, kuma akwai manhajar PISA ta cibiyar EBI da ke auna faɗin fuskar da ta ɓuya tsakanin sarƙoƙi domin taimakawa wajen rarrabewa. Himogulobin S yana cikin wuraren da haɗuwar kiristal ta zamo ita ce ainihin abin da ke faruwa a jikin marar lafiya, domin igiya biyun da aka gani a kiristal tun 1975 ta dace da abin da aka gani a zaren da kuma abin da sauye-sauyen ƙwayoyi suka nuna. Kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya gefen ma. Fayil ɗin 1HHO, himogulobin mai ɗauke da oksijin, alfa ɗaya da beta ɗaya kawai ya ƙunsa, sauran rabin sai an gina shi daga tsarin kiristal. Wanda ya ƙirga haɗuwa a kansa yadda ya sauko ya kwatanta da 4HHB zai ce haɗuwa da yawa sun ɓace, alhali rabin furotin ne ba ya nan. A shafin PDB akwai zaɓin sauko da cikakken tarin da ke aiki a jiki, shi za ki ɗauka a irin wannan.

Ki kula da lamba kuma. Tsohon lissafi yana farawa ne bayan an cire mesiyonin, ƙwayar farko ta sarƙar, shi ya sa ake cewa matsayi na 6. UniProt, taskar jerin ƙwayoyin furotin, da rahotannin ƙwayoyin gado na zamani suna ƙirgawa da shi, sai su ce 7, kuma hasashen AlphaFold lissafin UniProt yake bi. Idan kika nemi ƙwaya ta 85 a can, wata daban za ki samu.

Ingancin lambobin da kansu

Manhaja za ta ba ki tazara har da ɗigo biyu, 4.48 ko 4.53, kamar an auna da awon zinariya. Matsayin atam ɗin kuwa ƙiyasi ne da aka ɗora a kan hoton da yake da iyakar kaifi. A siffa mai kaifin 1.7 irin 4HHB, rassan da ke cikin furotin sun fito sarai. A mai kaifin 3, kuskuren matsayi zai iya kai wasu kasoshi cikin goma na angistirom, kuma bambanci tsakanin 4.4 da 4.6 ba shi da ma'ana. Shi ya sa nake sa ɗalibai su maimaita lissafin a kan 4 da 4.5 da 5. Haɗuwar da ta tsaya a duka ukun ita ce za a gina magana a kanta, wadda kuma take bayyana ta ɓace sai a ambace ta da taka tsantsan. Ki duba ginshiƙin da ake kira lambar B a fayil, domin yana nuna yadda matsayin atam ya warwatsu. Dogayen rassa da ke bayan furotin, irin laisin da gulutamet, sukan zo da lamba babba, wani lokaci ma ba a rubuta ƙarshensu ba sam, kuma reshen da ba a rubuta ba ba zai taɓa fitowa a lissafin haɗuwa ba ko da yana yin ta.

Hasken eksire ba ya cika ganin haidirojin, saboda haka duk ɗaurin haidirojin da manhaja ta zana miki hasashe ne daga tazara da kusurwa. Ba ya kuma bambanta naitirojin da oksijin a ƙarshen reshen asfarajin da gulutamin cikin sauƙi, kuma zoben histidin yana iya zama a juye. Shafin MolProbity yana gyara irin wannan, kuma ya kamata fayil ya bi ta can kafin a ƙirga ɗaurin haidirojin. Gadar gishiri kuma, wadda aka saba karɓa idan atam masu caji suna cikin angistirom 4, ta dogara da cajin da ƙwayar take ɗauke da shi a lokacin, kuma na histidin yana canzawa da ɗan sauyin tsamin ruwa.

Kusanci da muhimmanci

Wannan ne wurin da na fi so ki tsaya, domin a nan ne rubuce-rubucen ɗalibai suka fi zamewa. Jerin haɗuwa yana faɗa miki wanda ke zaune kusa da wa. Ba ya faɗa miki wanda idan aka cire shi ginin zai rushe. A 1995 Tim Clackson da James Wells sun ɗauki mahaɗar sinadarin girma na ɗan Adam da makarɓinsa, inda rassa kimanin 30 na makarɓin suke taɓa sinadarin, suka riƙa mayar da su alanin ɗaya bayan ɗaya suna auna ƙarfin riƙon. Sai suka tarar wani ɗan yanki a tsakiya, wanda tiriftofan biyu suka mamaye, shi ne yake ɗauke da fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙarfin, yawancin sauran kuma cire su bai canza wani abin kirki ba. A jerin haɗuwa duk talatin ɗin layi ɗaya ɗaya suke da shi.

Ke kin yi sa'ar furotin, domin an tattara sauye-sauyen himogulobin na halitta masu yawan gaske, kuma kowane sauyi gwaji ne da aka riga aka yi a jikin mutane. A matsayi na 6 ɗin nan, himogulobin C, wanda ya yawaita a arewacin Gana da Burkina Faso kuma muna ganinsa a nan, laisin ce a wurin, kuma ba ya yin zaren sikila, ko da yake yana da tasa matsalar ta daskarewa cikin ƙwayar jini. Himogulobin G Makassar alanin ce a wurin, ita ma mai gudun ruwa ce, amma ta gaza balin da kabon biyu, kuma ba ya sikila. A gefen aljihun, sarƙar beta tana da tiriyonin a matsayi na 87, sarƙar gama ta himogulobin jarirai kuma gulutamin, kuma wannan yana cikin dalilan da himogulobin jarirai yake hana zaren ƙulluwa. Shi ya sa jariri mai SS yakan yi watanninsa na farko lafiya, shi ya sa kuma ake ba da maganin haidiroksiyuriya domin ya ɗaga shi. A mahaɗar alfa ta ɗaya da beta ta biyu, wadda take zamewa idan rabin furotin ya juya da kimanin digiri 15 yayin ɗaukar oksijin, Asp99 ta beta tana riƙe da Tyr42 ta alfa a siffa marar oksijin, Asn102 ta beta kuma tana riƙe da Asp94 ta alfa a siffa mai oksijin. Himogulobin Kempsey ya rasa ta farkon, sai ya riƙe oksijin ya ƙi saki. Himogulobin Kansas ya rasa ta biyun, sai riƙonsa ya yi rauni. Idan kika ɗora irin waɗannan a gefen jerin haɗuwarki, babinki zai tashi daga ƙirge ya koma hujja.

Game da AlphaFold, ina amfani da ita kuma ina girmama aikin, wanda ya kai Demis Hassabis da John Jumper ga rabon kyautar Nobel ta 2024 tare da David Baker. Amma ba a gina ta domin ta nuna tasirin canjin ƙwaya ɗaya ba, kuma ga furotin da yake da siffofin gwaji masu kyau irin naki, babu dalilin barin su a koma ga hasashe. Idan wata rana kika yi aiki a kan furotin da ba shi da siffar gwaji, kada ki amince da haɗuwa tsakanin sassa biyu sai kin duba jadawalin PAE, wanda yake nuna yadda manhajar ta amince da matsayin wannan sashe a kan wancan.

Duk abin da na faɗa a kan hoto ɗaya ne tsayayye, furotin kuwa a jiki motsi yake yi, rassa suna kamawa suna saki. Masu manyan kwamfutoci sukan kwaikwayi wannan motsin da manhaja irin GROMACS su ƙirga kashi nawa na lokaci kowace haɗuwa take tsaye. Himogulobin biyu a cikin ruwa aiki ne mai nauyi ga kwamfutar cinya da wutar da muke da ita, kuma ɗan gajeren kwaikwayo da bai daidaita ba ya fi rashinsa illa, saboda haka ba na ba ki shawararsa a wannan matakin. Abin da ya fi araha shi ne ki kwatanta kwafin da ke cikin 2HBS da junansu, tunda sarƙar beta huɗu ce a ciki, sannan ki ƙara wasu siffofin himogulobin S marasa oksijin daga PDB. Aikina a kan kwamfuta yake, daga lambobin da wasu suka fitar, kuma lissafin tazara ba zai ba ki ƙarfin riƙo ko saurin ƙulluwar zare ba, wannan sai gwajin ɗakin bincike. Ban kuma ga fayil ɗinki da shirin abokiyarki ba, don haka abin da na jero dalilai ne da na fi cin karo da su, ke za ki tantance wanda ya same ki.

A babin hanyoyin bincike ki rubuta lambar fayil da sarƙoƙin da kika ɗauka, da ko kin gina maƙwabtan kiristal, da atam ɗin da kika auna da iyakar tazarar, da ratar jerin da kika cire, da abin da kika yi da ruwa da him da haidirojin, da sunan manhaja da sigarta. Idan kin jero maƙwabtan Val6 daga manhajojin biyu kuma har yanzu akwai layin da ya ƙi daidaita, ki kawo takardar tare da shirin Python ɗin mu bi shi layi layi.